Minti Goma Sha Takwas na Baba Ba'indiye

Ku da kuka shigo aikin nan bana, na san kuna ce mini tsoho mai mita a bayan idona, don ina ɗaga murya duk lokacin da na tarar da mutum yana montaj bai fara yin kwafi ba. Ina jinku sarai, kunnena bai mutu ba. To ku gyara zama ku ji inda mitar ta samo asali. Akwai wata ranar Litinin da har gobe ta ƙi barina.

Lokacin ni ne teknisiye a wata ƙaramar rediyo a Birnin Ƙonni. Mu huɗu ne duka-duka: darakta Hajiya Rabi, masu gabatar da shiri biyu, sai ni Issufu. Aikina ɗaukar murya, da montaj, wato yanke abin da ba a so a haɗa sauran, da kuma buɗe tasha. Daga sallar asuba nake wucewa wurin aiki, in kunna injuna in zauna ni kaɗai har bakwai ta yi. Iyalina na Tajaye, sai ƙarshen wata nake ganinsu. Doka ɗaya anka cusa mini tun ranar farko: kada rediyo ta yi shiru. Daƙiƙa biyar babu magana babu kiɗa, mai saurare ya murɗa ya bar ka.

Duk Lahadi da marece muna da shirin waƙoƙin Indiya, kuma ni ke zaɓen waƙoƙin. Ni da na tashi a ƙofar silima, ai gani nake ba wanda zai gaya mini kiɗan Indiya.

Wata rana, lokacin cirar albasa, sai ga wani dattijo Ba'indiye ya yi sallama. Injiniya ne, yana gyaran manyan injuna a wata masana'anta wajen Malbaza. Ya daɗe a Najeriya kafin ya ƙetaro, Hausarsa a karkace amma ana ganewa. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, Baba kawai nake ce mishi. Na fara yi mishi burga da waƙoƙin da na haddace. Ya yi murmushi ya ce, “Malam Issufu, waɗannan na fim ne. Akwai wata waƙar daban.”

A ranar ya ba ni labarinsa. Yana ɗan shekara bakwai anka kai shi gidan malamin kiɗa, ya zauna shekara goma sha biyu yana ɗiban ruwa yana wanki yana koyo. Da ganga ya fara, wasu tagwaye da ake bugawa da yatsu, tabla suke ce musu. Daga baya malamin ya ji muryarsa ya koya mishi waƙa. Ya yi waƙa gaban taro, har rediyon ƙasarsu ta sha ɗaukarsa. Sai mahaifinsa ya rasu ya bar mishi ƙanne, waƙa kuwa ba ta ciyar da gida, dole ya kama sana'ar inji. Matarsa ta rasu. Ɗiya ɗaya gare shi, tana can gida. Ya ce shekara ashirin ke nan kullum da asuba yana rerawa shi kaɗai a ɗaki, maƙwabta wasu na cewa ibadarsu ce, wasu na cewa kuka yake yi.

Buƙatarsa ita ce a ɗauki waƙa ɗaya, wadda malaminsa ya ba shi ta ƙarshe, ya aika wa ɗiyarsa. Matsalar, mawaƙi a wurinsu wani ke yi mishi kiɗa, shi kuwa nan ba shi da kowa. Na ce, “Baba, wannan ai aikina ne. Mu ɗauki gangar yau, gobe in sa maka ita a kunne ka bi da murya.” Ya dube ni kamar na ba shi kyautar gida. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: sai da sassafe. Ya ce kowace waƙa a wurinsu da lokacinta, wannan ta fitowar rana ce, ba a yinta da marece.

Juma'a munka ɗauki ganga. Asabar ya dawo da wani ɗan akwati mai ƙugi ɗaya tak, ba hawa ba sauka, shi ke riƙe mishi murya. Ya ce, “Zan fara. In na ɗaga hannu, ka saki gangar.” Na danna ɗauka. Ya rufe ido ya fara: aaa, can ƙasa, a hankali, ba kalma ko ɗaya. Minti biyu, minti uku, bai canza ba. Na ce a raina tsoho na gyaran murya, kamar yadda makaɗanmu ke ɗan taɓa kalangu kafin su shiga kiɗa. Na cire abin kunne, na leƙa ƙofa na karɓi shayi, na dawo na tsaya bayan gilashi ina kurɓa ina jiran hannu. Sai da anka yi minti goma sha takwas ya ɗaga shi. Na saki ganga, kalmomi sunka fara, waƙa ta ɗauki wuta. Da ya gama, hawaye ne a fuskarsa. Ya ce, “Yau shekara ashirin ba wanda ya yi mini kiɗa. Da anka samu mai yi, ni ne.”

Na kai wa Hajiya Rabi maganar sa waƙar da safe. Ta ce, “Ƙarfe bakwai? Lokacin karatu da sanarwar rasuwa? Kai Issufu, mi ka damunka? A sa ta gobe cikin shirin Indiya, minti talatin, ba ƙari.” Ban ga laifinta ba, tsarin aiki ne.

Na zauna montaj. Ɗaukar duka minti arba'in da bakwai ce. In na cire gyaran murya, saura ashirin da tara cif. Na ce ikon Allah, aiki ya yi kansa. Kwamfutarmu kuwa cike take maƙil da sanarwar biki, ba wurin aje kwafi. Na yanke a kan asalin, na adana a kansa, na rufe. Har ina yaba wa kaina tsaftar aiki. Lahadi munka sa waƙar, mutum biyu sunka bugo waya suna tambaya wane fim ne.

Litinin Baba ya zo karɓar tasa. Bai ji shirin ba, yana wurin aiki. Na sa mishi abin kunne ina washe baki. Ganga ta fara. Ya ɗaga kai.

“Ina farkon?”

“Gyaran muryar? Ai na share maka ita, Baba. Yanzu ta fito fes.”

“Tana ina?”

“Na goge.”

Bai yi faɗa ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya cire abin kunnen ya aje a hankali, ya ce, “Malam Issufu, wannan ita ce waƙar. Sauran rakiya ce. Ba a haddace ta, a take ake gina ta, kuma ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Don ita na yi shekara goma sha biyu ina ɗiban ruwa.” Sai ya tambaye ni, “Amma kai ka ji ta, ko? Ta yi kyau?”

Ƙarya ta zo mini har baki. Na ce, “Baba, shayi nake sha.”

Na roƙe shi mu sake. Nan ne ya taɓa maƙogwaronsa ya gaya mini abin da bai faɗa ba tun farko. Likita ya ga wani ƙari a wurin, ranar Alhamis zai wuce Yamai, daga can gida a yi mishi aiki, kuma an ce mishi da wuya muryar ta tsira. Abin da ya rage mata ya tattara ya zuba ranar Asabar. Inna lillahi! Na ɗauki kwamfutar a kan babur na zaga masu gyara har bakin iyaka, kowa ya duba ya girgiza kai.

Laraba da asuba ya dawo, don na nace. Ya kunna akwatinsa, ya rufe ido. Wannan karon ban cire abin kunne ba, ko numfashin kirki ban yi ba. Minti uku ya yi, muryar ta tsage. Ya sha ruwa ya sake, ta ƙi. Ya yi mini alama kada in tsayar da ɗauka. Ya zauna shiru, akwatin na ƙuginsa, yana duban agogo, har ƙugin shi kaɗai ya cika minti goma sha takwas. Sannan ya ce, da ƙyar ake jinsa, “Ka goge muryata ta yau. Ka sa ƙugin nan a farkon waƙar, yadda yake. Ɗiyata tun tana goye take jin waƙar nan kowace safiya. Ta san abin da ke wurin.”

Ni da anka horar da ni kada in bar shirun daƙiƙa biyar, da hannuna na haɗa minti goma sha takwas babu murya, na liƙa a gaban waƙar. Na yi kwafi uku. Ya karɓi biyu, ya bar mini ɗaya, ya ce in yafe mishi wahalar da ya ba ni. Shi ke neman gafarata!

Bayan wata huɗu saƙo ya zo a wayata daga ɗiyarsa. An yi aiki, yana raye, amma magana sai raɗa.

To kun ji. Abin da na koya bai da yawa. Asalin ɗauka amana ce, ba a sa mata almakashi, ko da kwamfuta za ta fashe don cika. Kuma abin da ba ka gane ba, ka tambayi mai shi kafin ka kira shi shara. Mu 'yan rediyo mun iya tsoron shiru, saurare ne ba mu iya ba.

Kwafin nan yana nan wurina. Wani lokaci in na riga kowa zuwa, kafin in buɗe tasha, nakan sa shi in zauna. Ba na tsallake farkon. Nakan kasa kunne har ƙarshen minti goma sha takwas ɗin, duk da na san ba abin da zan ji.