Furen da Aka Yi wa Askin Zogale

Duk abin da zan manta na zamanmu a unguwar Levenshulme, can ƙasar Turawa, ban da shekarar da na ɗaura ɗamarar faɗa da maigidana a kan busassun karare.

Yayata da ke Birmingham tana da wata shuka a bayan gidanta, haidiranjiya, mai fure curi-curi kamar malmalar tuwo. Ita ta yanko mini reshe, tana miƙo mini tana cewa, "Ungo, amma na san hannunki, ko ciyawa kika shuka sai ta mutu." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Na dasa shi a ɗan filin bayan gidanmu, inda rana ba ta dukansa sosai. Ya kama, ya yi ganye fato-fato, amma shekaru suka yi ta wucewa babu fure ko ɗaya. Ashe mai ɓarnar yana cikin gida. Wata Asabar, sanyi ya fara shigowa, na dawo daga cefane na tarar da maigida a duƙe da almakashi, har ya sare gefe guda.

"Baban yara, me zan gani haka?"

"Aski nake masa. Haka muke yi wa zogale a gida, ka sare shi ya tofo da ƙarfinsa. Every year ina yi miki, ko sannu babu."

Nan take na kira Yaya. Ta yi dariya har da tari. "Ai irin wannan a jikin karan bana yake ɓoye furen baɗi. Mijinki ne yake yanke miki su tun suna ciki." Sai kuma ta sassauta murya ta ce ta sayar da gidan, baɗi za ta koma Najeriya gaba ɗaya, kuma masu sayen sun ce siminti za su zuba a filin. Wato nawa ne kaɗai zai rage.

Shi kuwa maigida, namiji ba ya amsa laifi da sauƙi. Ya ce, "Na ba shi summer ɗaya. In bai yi fure ba zan tuge shi in shuka alayyafo, ko ba komai a sha miya."

Na ɓoye almakashin. Duk tsawon hunturu kararen nan suna tsaye tsirara, baƙi na tambayata ko itacen girki nake tarawa. Na toshe kunnena. A watan Afrilu, sun fara toho ke nan, aka ce za a yi sanyi mai ƙona ganye. Ban tsaya neman komai ba, na ɗauko atamfata ta zuwa biki na lulluɓe su da ita. Maigida ya leƙo ta taga ya ce, "Yau kuma amarya muka yi a garden?" Ko kallonsa ban yi ba.

Yuli na kamawa gefen da ya tsira ya fashe da fure, shuɗi shar, har rassan na sunkuyawa don nauyi. Wallahi sai da na yi guɗa, maƙwabciyata Baturiya ta fito a guje.

Yaya ta zo yi mana sallama ana saura kwanaki ta tafi. Na ja hannunta zuwa bayan gida. Ta shafa furen, hawaye ya zubo mata. "Ƙanwata, ya fi nawa kyau," in ji ta. Maigida ya matso yana washe baki, wai ai askin da ya yi ne ya ƙara masa ƙarfi. Mu biyu muka juyo muka harare shi, ya sulale ya tafi dafa mana shayi.

Tun daga ranar na san cewa dabarar da ta yi maka rana a gida tana iya yi maka ɓarna a wani wuri. Kafin ka ɗaga almakashi a kan abin da ba ka sani ba, tambayi mai shi.