Kazar Ɗorin Baban Ladi

Ku da kuke karatu, ni ban shiga aji ba, amma ban iya ƙarya ba, kuma na rantse da Allah wannan a gidana ya faru, nan Rikoto, shekarar da babur ya kayar da maigidana Baban Ladi a hanyar Wasagu, ƙashin cinyarsa ya rabu uku. Tsohon soja ne, mutumin da ya yi shekara bakwai yana noman golmo a gonar ubana kafin a ba shi ni, to yaya zan zauna in ji likita yana cewa in ƙarfe bai kama ba sai a yanke ƙafar?

Yara suka kai shi tiyata, aka sa mishi ƙarfe da kusoshi huɗu, na gani da idona a hoton ƙashi. Ni kuwa ɗiyar maɗori ce. Ubana ba ya ɗora mutum sai ya karya ƙafar kaza ya ɗora su tare, ranar da ta taka, mai karaya ya taka. Na dawo gida na kama jar kazata, na ba ta haƙuri, na karya, na ɗaure da kara da tsumma, ban gaya wa kowa ba.

Ranar da ta taka ƙasa, wallahi ranar Baban Ladi ya jingine sanda.

Sai baƙi suka zo barka, da rana tsaka, surukata matar ɗana da ba ta san komai ba ta cafko kazar nan ta taka ƙafafunta za ta yanka. Daga cikin ɗaki na ji shi, mutumin da ko a tiyata bai yi kuka ba:

“Maman Ladi, wa ya taka mini cinya?”

Da gudu na fito na fizge kazar. Ina lallashinta, ina shafa ƙafar, sai yatsana ya ji abu ƙarƙashin fata, mai sanyi, mai tauri. Kawunan kusoshi huɗu, a jere.

Na gaya mishi. Ya yi dariya ya ce ashe ya yi ƙanwa, kullum shi ke watsa mata dawa, har tsufa ya ɗauke ta muka binne ta. Yau yana zuwa gona da ƙafarsa, ni ce har gobe ban iya taɓa ƙafar kaza jikina bai yi yar ba.

In naku ya karye, ku kai shi asibiti. In kuma kun haɗa da kaza, ku gaya wa mai riƙe da wuƙa.