Yaya Basiru, Mai Mayar da Komai Inda Aka Saba

Ranar Talata, huɗu ga watan Fabrairun 2025, a farkon Sha'aban, Allah ya karɓi ran Malam Basiru Ɗangana, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwar Yelwa, bayan ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda. Ina shagona a Wara, ina tura wa wani masunci karatun Alƙur'ani a memori, aka kira ni aka faɗa mini. Na ce na Allah muke, wurinsa za mu koma. Na ƙarasa wa mutumin turinsa don daga tsallaken ruwa ya zo, sannan na rufe shago na nemi mota. Kafin in isa har an kai shi makwancinsa.

Ni ne Rabi'u mai turi. Ba dangina ba ne marigayin, amma Yaya nake ce masa, kuma da sunan zan kira shi a nan.

Yaya Basiru, na fara zuwa wurinka ne da wata tsohuwar laftof da na saya hannu na biyu don in kama sana'a. In na kunna ta, sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama farkawa ba. Na riga na fitar da rai. Ka juya ta, ka saurari kukan fankarta, ka ce, "Ba ta mutu ba, ɗan Wara. Kaya sunka yi mata yawa." Ranar na fara jin sunan Linux. Ka ce manhaja ce ta kyauta, mutane da yawa a ƙasashe daban-daban ke haɗa hannu su rubuta ta, kowa na iya ɗauka ya gyara yadda ya dace da shi, shi ya sa take da iri-iri. Ka ce kowace tana da ciki, tana da fuska. Cikin shi ke tafiyar da inji, fuskar kuwa ita ce abin da mutum ke gani yana dannawa. Wata fuskar ado ne da ita da nauyi, sai sabon inji. Wata kuma ba ta da nauyi ko kaɗan, tsohon inji ma zai ɗauke ta ya yi gudu. Ka sa mini Lubuntu, mai fuska marar nauyi, laftof ɗin ta miƙe kamar ba ita ba.

Sai ka tambaye ni ko ina karanta Turanci. Na ce a aji shida na tsaya, kuma ko wannan ɗin rabinsa a cikin kwalekwale na yi shi. Ba ka yi dariya ba. Ka jawo benci ka zaunar da ni, ka shirya mini allon da hannunka. Jakar karatu, wato folda, a sama ta hagu. Ta wa'azi a ƙarƙashinta. Waƙoƙi da finafinai can dama, don kada hannuna ya kuskure in tura wa dattijo abin da bai nema ba. Maɓallin kashewa a lungun ƙasa. Da wuri na koyi aikin, ba da rubutu ba, yadda mutum ke sanin ɗakinsa. Da wannan laftof nake ciyar da Inna da ƙannena har yau.

Lokaci-lokaci sai ka kira ni ka ce, "Kawo ta wanki." In kai, in bar ta, in dawo in same ta tsaf, kowace jaka tana inda na bar ta. Har cika baki nake yi a kasuwa, ina cewa ta kowa na canzawa ban da tawa.

Kai kuwa canjin nan ya gajiyar da kai, na sha ganin haka a fuskarka. Masu yin manhajar sukan fitar da sabuwa, su kula da ita na 'yan shekaru, sannan su saki hannu su koma kan wata. Wadda aka saki ba ta mutuwa nan take. A hankali take lalacewa, yau wannan shafi ya ƙi buɗewa, gobe wancan. Dole a kwashe mutane a kai su kan sabuwa. Kuma mutanenka duk masu tsofaffin injuna ne: mai buga takardu a bakin kotu, malamin Islamiyya, mai kantin magani, irina. Wata rana na same ka ka tallafe kai a kan tebur, ka ce Lubuntu ta sauya fuska, kuma ta daina yi wa tsofaffin injuna marasa ƙarfi, waɗanda ake kira masu 32, sabuwa gaba ɗaya. Ka ce, "Da na zaunar da mutane sai a ce a tashi. Ni na gaji da ƙaura, Rabi'u." Na ce tawa fa? Ka ce, "Taka tana lahiya, je ka yi aikinka."

A ranar ka ba ni labarin kakarka, Kaka Kulu. Ka ce a gungu aka haife ta, wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, kuma tana da 'ya'ya aka tashe su lokacin da aka datse ruwa a Kainji, aka kai su sababbin gidaje a tudu. Gidan bai yi mata komai ba, rufinsa ma ya fi na da. Amma har ta tsufa, in ta fito ɗaki za ta sha ruwa sai ta juya hagu, inda randa take a gidan da ruwa ya cinye, ta tarar da bango. Ka ce kana yaro kana yi mata dariya, da ka girma ka daina. Na saurara, na ce Allah ya jiƙanta, na ɗauki jakata na tafi. Ban gane abin da kake faɗa mini ba a lokacin.

Bara ƙanwata Suwaiba ta zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda a kwamfuta ake yin ta. Ta san karatunta, kowa ya shaida. Amma ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, tawa kuwa kullum tana kan aiki a kasuwa, kuma ita da yatsa ake jan kibiyarta. Ta ce kibiya na ta guje mata, lokaci ya ƙare tana tsakiya. Ta faɗi. Baba ya ce bana ce ta ƙarshe, in ba ta samu ba ta zauna ta taya Inna bandar kifi. Ba don mugunta ya faɗa ba, ƙarfinsa ke nan.

Da na ba ka labari, sai ka tashi ka buɗe ɗakin bayan shagonka. Tsofaffin kwamfutocin tebur ne jere, waɗanda wani ofis ya zubar ka tsince su ka raya tun shekarun baya. Ka ce in kwashe su in kai Wara. Muka sa su a shagon da ke manne da nawa, muka ja musu wuta daga solata. Suwaiba da ƙawayenta da samarin unguwa suka riƙa zuwa bayan la'asar suna gwaji. Ba ka karɓi komai ba sai busasshen kifin da Inna ta matsa maka.

Da lokacin kaka ya wuce, shafin intanet ɗin da suke gwajin jarrabawa a kai ya daina buɗewa. Tsohuwar manhajar da ke kansu an daɗe da sakinta. Ka ce za a kai su kan Debian, wata irin Linux ɗin, da wata fuska marar nauyi da ake kira Xfce, don ita ce ba ta yar da masu 32 ba tukuna. Ka ƙara da cewa, "Wannan ita ce ƙaura ta ƙarshe gare su. Ta gaba ba za ta ɗauke su ba. Amma za ta kai mu 'yan shekaru, su Suwaiba sun wuce."

Lokacin ƙafafunka sun kumbura, ba ka iya zaman shago. Sai na riƙa ɗauko injunan bibbiyu a buhun shinkafa, in shiga motar kasuwa in kawo maka gida. Kana kishingiɗe a tabarma a zaure, ni ina kan kibod. Ka koya mini yadda ake tayar da inji daga filashi, da inda ake danna na sama, da inda ake sauka layi uku, da inda ake jira. Na haddace su da ido. Amma duk sanda ta gama ta nemi a cire filashi, sai ka ce, "Kashe ta nan. Sauran aikin nau ne." In tafi, in dawo ranar kasuwa ta gaba in ɗauka. In na kunna su a Wara, sai in ga komai yadda yake da: layin maɓallai a ƙasa, alamar shafin gwaji a tsakiya, hoton faɗuwar rana a bakin ruwan Yelwa a baya. Na ɗauka haka sabuwar take zuwa.

Mun yi rabi ka kwanta kwanciyar da ba ka tashi ba.

Bayan addu'ar bakwai na zauna a shagon ina kallon waɗanda suka rage. Yara sun fi injuna yawa, ana layi, wani sai magariba ta yi bai taɓa ba. Jarrabawa kuma ba za ta jira makokinmu ba. Sai na ɗauko filashin na bi matakan yadda ka koya mini. Ta gama, na cire, na kunna.

Abin da ya fito ban san shi ba. Layin maɓallai ya koma sama. Wasu 'yan alamomi sun taru a ƙasa. Babu ruwan Yelwa, babu alamar shafin gwaji, maɓallin kashewa ma na neme shi a lungunsa na rasa. Na sake yi daga farko, haka. Na gwada a wani injin, haka. Na tabbata na ɓata maka aiki.

Na koma Yelwa na yi sallama a gidanka. Matarka Hansatu tana takaba, ta bayan labule ta amsa mini, mahaifiyarka na zaune a gefe da carbi. Na ce, "Yaya Hansatu, ko akwai wani filashin da ya bari? Wanga da ke hannuna ba shi ba ne."

Ta ce, "Shi ne, Rabi'u. Babu wani."

Na ce to ai fuskar ba ita ba ce.

Sai na ji ta yi 'yar dariya, irin ta wanda kuka ya gajiyar. Ta ce, "Kai dai har yau ba ka sani ba? Haka suke zuwa, tsirara. Shi ke zama ya mayar da komai ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya goge tsohuwa sai ya ɗauki hoton allon, in ya sa sabuwa ya bi hoton. Da idonsa ya fara kasawa ni ke riƙe mai waya, ina ce mai matsa hagu, sauko kaɗan. Taka ma sau uku yana canza mata ciki, kana kasuwa kana cika baki."

Mahaifiyarka ta ce, "Ke Hansatu, bar yaro da abin da ke damunsa."

Ta ce, "Inna, ai gara ya sani. Ya ce in an gaya ma Rabi'u an canza, tsoro za ya ji, ya riƙa kuskure gaban mutane."

Na yi musu sallama na fito, na tsaya a ƙofar gida har wani mai babur ya tambaye ni ko lafiya.

Da na dawo Wara na yi niyyar in yi yadda kake yi. Na sa injin da ka shirya kusa da wanda na sa, ina duban wannan ina taɓa wancan. Wuni guda na samu na sauko da layin maɓallai ƙasa, washegari na danna wani abu ya ɓace gaba ɗaya. Rubutun da ke nuna hanya duk Turanci ne. Yara na tsaye a ƙofa suna jira. Sai Suwaiba ta shigo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Yaya, bar su haka. Ta ɗakin jarrabawa ma ba irin ta Yaya Basiru ba ce, babu wanda zai shirya muna ita. Gara mu saba da baƙuwa tun yanzu." Ta ja kujera, ta karanta abin da ke allon, ta lalubo burauza, manhajar shiga intanet, ta buɗe shafin gwajin. Ya buɗe.

Haka na ƙarasa sauran, na bar su yadda suka zo. Yanzu shagon rabi naka ne, rabi nawa. Yaran kan yi rige-rigen zama a naka, amma Suwaiba kullum a baƙuwar take zama, kuma kibiya ta daina guje mata. Ko za ta ci, Allah ne masani. Abin da na sani, bana ba linzami zai kayar da ita ba.

Ka yafe mini, Yaya, ban iya irin aikinka ba. Ka ɗauki gajiyar ƙaura kai kaɗai, da kumburarrun ƙafafu, don kada mu ji an tashe mu.

Ya Allah, bawanka Basiru ya zo gare ka a gajiye. Ka hutar da shi. Ka yafe masa kurakuransa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka zaunar da shi a Aljannar Firdausi, gidan da ba a tashin kowa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa, da matarsa Hansatu, da 'yarsu Yasira, da dukkan zuri'ar Ɗangana, da makwabtansa na kasuwar Yelwa. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ku kuma da injunanku suka taɓa kwana a shagonsa, daga Yelwa har Shanga da Ngaski: in kun kunna gobe da safe kuka tarar da komai a inda kuka saba, ba haka ta zo ba. Ku yi masa addu'a kafin ku fara aiki.