Baba Mai Kunne ya ajiye sifana

Shekara talatin da takwas ke nan, da hantsi ya fito za ka tarar da shi ya share gaban garejinsa, ya jera sifanoni bisa tsohon buhu, daga ƙarama zuwa babba. Direbobi ne suka laƙaba masa Baba Mai Kunne, domin ba ya fara taɓa mota da ƙarfe. Sai ya danna kusurwarta da hannu biyu, ya sake, ya karkata kai yana saurare.

Aikinsa shokazoba ne, ƙarfen nan da ke shanye girgizar hanya. In ya ji ƙwas-ƙwas, ya ce roba ta cinye, a sa sabuwa. In ya ji kacau-kacau, noti ne ya kwance, a ɗaure. In kuwa mota ta ci gaba da lilo bayan ya sake ta, sai ya leƙa ƙarƙashi, ya shafo mai da yatsa, ya ce, "Wannan ta zubar da manta. Ba gyara, sai canji."

Mai shayin da ke kusa da garejin ya shaida ranar da direban motar 'yan makaranta ya zo a gaggauce.

"Baba, cusa mata guntun taya ta yi shiru. An kusa tashi, yara na jira."

Baba ya danna motar, ya shiga ƙarƙashinta, ya fito fuska ba walwala.

"Ɗana, zan iya rufe mata baki, amma ciwon yana nan. Yara nawa kake ɗauka?"

"Ashirin da biyu."

"To, yau ba za ta ɗauke su ba."

Ya zare makulli ya jefa aljihu. Direba ya yi ta kumfar baki, har ya kira shugabar makarantar. Ta iso ranta a ɓace. Baba bai yi musu da ita ba, ya kwance shokazobar gaba ya ajiye a gabanta. Shokazobar ta bushe ƙayau, sandar ta lanƙwashe, mazaunin sama ya tsage, saura ƙiris ya rabu biyu.

"Ranki ya daɗe, da motar nan ta faɗa rami a gangaren can, da sitiyari ya ƙwace wa direba."

Shugabar ta zauna bisa benci. Ran nan iyaye ne suka kwashi 'ya'yansu suna mita. Yawancinsu har yau ba su san dalili ba.

Yanzu ciwon baya ya ci ƙarfin Baba. 'Yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, ta rantse ba zai ƙara kwanciya ƙarƙashin mota ba. Ya yi gardama wata uku, sannan ya sallama. Matarsa ta ce ko a tsakar gida yake, in mota ta wuce sai ya ce, "Kin ji? Robar hagu."

Baba, kai ne wanda ya yarda a zage shi, in dai mutane za su isa gida lafiya. Kai ne ba ka taɓa cewa a canza abin da ɗauri kawai yake so ba. Mun gode, Allah Ya ba bayan nan sauƙi, Ya saka maka da alheri.

Ku kuma masu riƙe da sifana a yau, in mota ta zo tana kuka, ku nemo abin da ke damunta. Akwai ran mutum a cikinta.