Kujerar Ƙaltume

Duk Bahaushen da ya hau motar ziyara a Madina cikin shekarun nan, da wuya a ce bai ji muryar Sabiru ba. Allah ya hore masa maƙogwaron da ba ya bukatar lasifika. Aikinsa shi ne ya kwashi alhazai da masu Umara daga masauki da hantsi, ya kai su Ƙuba su yi raka'a biyu, ya wuce da su Uhudu, ya biya ta Ƙiblataini, ya dawo da su kafin azahar. Kakansa da ƙafa ya zo ƙasar nan daga wani ƙauye a gabashin Kano. Shi kuwa a Madina aka yanke masa cibiya, Hausa da Larabci duk a baki ɗaya suke kwana.

Yana da wata magana da abokan shan shayinsa na unguwar Sultana suka haddace kamar Fatiha. Sai ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi, ya ce, "Shekara ashirin da shida, wallahi ko takalmin alhaji ban taɓa bari a baya ba." Kuma ba ƙarya yake ba. Sirrin abin, in ji shi, ba ya ƙirga kawuna. Kai yana motsi, wani ya sunkuya, wata ta koma wurin ƙawarta, lissafi ya rikice. Kujera kuwa ba ta motsi. Da safe zai duba kujera nawa ce babu kowa, ya riƙe adadin a ransa. Duk inda aka tsaya aka dawo, kujerun da babu kowa zai sake dubawa. In adadin ya yi daidai sai ya bugi jikin mota sau biyu da tafin hannu, ya ce, "Kamil! Yalla!" wato an cika a tafi, direba ya ja.

A gida, can unguwar Aƙiƙ, akwai Ƙaltume. Shekararsu talatin da ɗaya tare. Kada a zalunci Sabiru, ba mugun miji ba ne, ba ta taɓa neman abu a gidansa ta rasa ba. Amma inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Zai riƙe hannun tsohuwar da bai taɓa gani ba ya hau da ita tudun maharba a Uhudu, ya dawo gida bai lura matarsa ta kwana uku tana ɗingishi ba. Ita kuwa ba mai yawan magana ba ce. Da ma mai surutu ɗaya ya ishi gida.

'Yarsu ta fari, Hanan, tana Madrid inda mijinta Abdulmajid yake karatu. Da ta haihu, Ƙaltume ta tafi kula da jego, Sabiru ya raka ta. Kafin sati biyu ya ishi kowa a ɗan gidan nan. Ya gyara musu zaman kujeru, ya koya wa surukinsa yadda ake ajiye mota. Abdulmajid, mutum mai kawaici, ya nemo musu tafiyar wuni ɗaya da jagora mai jin Larabci: Toledo da safe, Segovia da yamma, a dawo bayan magariba.

Da za su fita Hanan ta riƙe hannun rigarsa. Hausarta rabi ce, sauran Larabci ne ke cikewa. Ta ce, "Baba, yau kai ne daif, yani baƙo. Bas ka zauna ka saurara, Allah yikhallik."

Ya ce, "Ɗayyib, na ji." Amma wanzami ba ya son jarfa.

Motar cike take da iyalai daga ƙasashen Larabawa. Jagoran, Saifuddeen, mutumin Maroko ne, mai sanyin murya, da takardar sunaye a hannu. Sabiru ya zauna a kujerar gaba, bayan direba, don ƙafarsa ba ta san wata kujera ba. Ƙaltume ta wuce baya wurin mata. Kafin ta wuce ya karɓi jakarta, da waya da fasfo da komai a ciki, kamar yadda yake yi wa tsofaffin alhazansa don kada su yar. Sannan ya waiwaya, ba wanda ya sa shi, ya duba. Kujera huɗu babu kowa.

Toledo gari ne a kan dutse, lungunansa ƙanana, ƙasan duk duwatsu. Tun ba a yi nisa ba Sabiru ya zama mataimakin da ba a ɗauka aiki ba. Shi ne a gaba, shi ne a baya, yana kora mutane yana cewa su matso. Da Saifuddeen ya tsaya da su a gaban wani ɗan masallaci da ya haura shekara dubu, wanda daga baya aka mai da shi coci, Sabiru ya ƙara masa bayanin da bai nema ba. A nan gwiwar Ƙaltume ta ce ba ta san zancen ba. Ta lallaba ta zauna a kan wani dakali kusa da ƙofar.

Ta ce, "Baban Hanan, ni dai na gaji. Ku je, in kun gama ka biyo ta nan."

"Khalas, zauna. Kada ki motsa," in ji shi, idonsa yana kan wani dattijo ɗan Kuwait da ke neman zamewa.

Ayarin bai biyo ta nan ba. Ta wata hanya suka gangara zuwa inda motoci suke jira. A wurin aka ga babu wasu magidanta biyu, sun maƙale a shagon sayar da takubba. Sabiru ya koma da sassarfa ya tuso ƙeyarsu, har aka tafa masa. Kansa ya yi girma. Saifuddeen ya buɗe takarda zai kira sunaye, ga shi an makara da minti ashirin, sai Sabiru ya dafa kafaɗarsa.

"Ya ustaz, hutar da kanka. Wannan sana'ata ce tun kana makaranta. Huɗu ne babu kowa da safe, ga su nan huɗu."

Saifuddeen ya dubi agogo, ya dubi furfurar Sabiru, ya ninke takardarsa. Sabiru ya bugi jikin motar mutane sau biyu. "Kamil! Yalla!"

Kujera huɗu ce babu kowa, gaskiya ne. Abin da bai sani ba, wata 'yar yarinya da ta zo a cinyar uwarta da safe barci ya kwashe ta, uwar ta ga kujera a sake ta kwantar da ita. Kujerar Ƙaltume ce. Alhazai ba sa zuwa da kowa a cinya, shi ya sa dabarar ba ta taɓa ba shi kunya ba sai ranar.

Sun yi tafiyar minti arba'in. Yana tsaka da ba direba labarin shekara ashirin da shida, sai wata mata ta taho daga baya tana dafa kujeru. Ta tsaya a kansa, ta ce da Larabci, "Ya ammi, ina hajiyar da ta ba ni dabino da safe? Tun da muka taso ban gan ta ba."

Ya waiwaya. Ya miƙe. Ya bi layin kujeru har ƙarshe yana duba fuskoki, abin da bai taɓa yi ba a aikinsa. Ya zaro wayarsa ya kira ta, sai ga ƙarar tana fitowa daga jakar da ke rataye a kafaɗarsa. Mota ta yi tsit, kowa yana jin wayar tana kuka. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya gode mata.

"Waggif! Tsaya!" Muryar nan da ba ta bukatar lasifika, a ranar da ƙyar ta fito.

Sai da suka ƙara tafiya kafin direba ya sami inda zai juya. Ba wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Magidantan da ya tuso ƙeyarsu suka sunkuyar da kai. Dattijon nan ɗan Kuwait ya mai da fuskarsa taga. Saifuddeen ya ce a hankali, "Laifina ne, ni ya kamata in kira sunaye." Wannan ta fi kowace ƙona masa rai, don kowa a motar ya san wanda ya hana a kira.

Ya hau tudun Toledo da gudu, mutum mai shekara hamsin da takwas. Tana nan a kan dakalin, inda ya ce kada ta motsa. Sama da awa biyu. Ba waya, ba takarda, ba kalma ɗaya ta yaren garin a bakinta. Wata mai shago ta ba ta ruwa a gora. Ta yi azahar ɗinta a zaune. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta bari ya gama haki, sannan ta dube shi.

"Baban Hanan, kai ka tuna, ko tuna maka aka yi?"

Gaskiya tana bakin harshensa, kunya ta danne ta. Ya ce, "Wace irin magana ce wannan? Ni na tsayar da motar."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Kada Hanan ta ji, jego take." Ta miƙa masa hannu ya tashe ta.

An je Segovia a gurguje. An ce akwai wata doguwar gadar ruwa ta dutse wadda mutanen zamanin da can suka gina, kowa yana ɗaukar hoto. Sabiru bai ga komai ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne da za a taso Saifuddeen ya kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, da aka zo kansa ya amsa da ƙaramar murya kamar sabon ɗalibi. A hanyar komawa ya so ya zauna kusa da ita, ya tarar matar nan ta riga shi, suna ta hira ƙasa-ƙasa.

Da suka dawo Madina, mutanen Sultana suka gyara zama za su sha labarin Andalus, ƙasar da Madrid take, don sun san ko Yanbu da ke nan kusa Sabiru ya je sai an yi sati ana ji. Ya ce garin akwai sanyi, duwatsu ne da yawa. Suka jira, shiru. Maganar shekara ashirin da shida kuwa ba a sake jin ta ba. Wani ya tsokane shi ya fara masa ita, ya ce a ƙara masa shayi. A wurin aiki ya koma bin kujeru har baya yana duba kowace fuska, direbobi suna mita wai Abu Hanan ya tsufa.

Ƙaltume ba ta gaya wa kowa ba, ko ƙanwarta da ba ta ɓoye wa komai. Shi ma ba ta sake tayar masa da zancen ba. Ya kai ta wurin likitan gwiwa da kansa, ya riƙa dawowa gida da wuri, ya sayo mata kujerar salla. Ta yi godiya kowane lokaci, godiya mai kyau, irin wadda ake yi wa maƙwabci. Barin ta da ya yi kuskure ne, ya sani, ɗan Adam ajizi ne. Amma amsar da ya ba ta a gaban masallacin nan ba kuskure ba ce, da saninsa ya faɗa. Ita ce take hana shi sakat. Sau da yawa ya buɗe baki, sai ya ɓige da tambayar ko an kawo gas.

Wata biyar ana haka. Ranar wata Talata bayan la'asar ya same ta a tsakar ɗaki tana tsinke na'ana a faranti, za ta haɗa shayi. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, abin da ba ya yi. Ya ɗauki reshe ɗaya yana jujjuyawa.

"Ummu Hanan."

"Na'am."

"Ranar nan a Toledo. Tambayar da kika yi mini." Ya ajiye reshen. "Ba ni na tuna ba. Wata mata ce ta zo ta tambaye ni ina kike. Da ba ta zo ba, wallahi ban san inda zan kai ba. Na yi miki ƙarya. Ki yafe mini."

Hannunta bai tsaya ba. Ta tsinke ganye biyu, uku, ta zuba.

"Na sani," in ji ta. "Tun a mota ta gaya mini, tana ba ni haƙuri wai ita ta makara ba ta yi magana da wuri ba."

Ya ɗago, bakinsa a buɗe. "Kin sani? To me ya sa ba ki ce komai ba?"

"In ce me? Kai ka ce kada in motsa." Sai a lokacin ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, karo na farko tun da abin ya faru. "A kan dakalin can awa biyu na jira ka, Baban Hanan, ban ji komai ba, na san za ka zo. Wannan kuwa wata biyar. Har na fara cewa ba za ka zo ba."

Ta share idonta da gefen mayafi, ta tura masa farantin, ta ce ya ƙarasa tsinkewa, ita gwiwarta ta gaji da zama.