Yadda Na Kai Ummi Wasa Soron Ɗinki

Daga Kazaure

Ana idar da sallar asuba na goya Ummi muka nufi tasha. Shekararta huɗu, ba ta gani tun haihuwa, kuma tun ranar da yara suka bangaje ta a wajen guje-guje ta daina fita tsakar gida. Yini take riƙe da bakin zanina. Ƙanwar maigidana, Rabi, ce ta aiko cewa akwai wata malama mai shirya wa yara wasa a unguwarsu, Soron Ɗinki, da ya kamata mu gani.

Motar ba ta cika ba sai da rana ta fito. A shingen 'yan sanda na gaban Dambatta direba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, asibitin ido za ku?"

"A'a, wajen wasa za mu," na ce.

Cikin Birni

Da hantsi adaidaita sahu ya bi da mu ta Ƙofar Dawanau. Lungunan Soron Ɗinki sun yi masa kaɗan, da ƙafa muka ƙarasa. Rabi ta tare mu da fura da nono, muka huta.

Bayan la'asar ta kai mu gidan Malama Hindatu, tsohuwar malamar ajin ƙananan yara. Na tarar da yara sun yi da'ira a tabarma, masu lalura da marasa lalura. Kowa a zaune yake, saboda wani yaro Sadiƙu ba ya iya tsayuwa. Akwai yarinyar da ba ta ji, ita jan kallabi ake ɗaga mata idan layi ya zo kanta.

Ummi ta ƙanƙame ni. Na fara ɓamɓare hannunta, Malama ta ce, "Maman Ummi, ƙyale ta. Ku zauna tare."

Sai ta ɗauko ƙwallon roba mai tsakuwa a ciki ta gangaro. Ƙwallon ya taho yana kacau-kacau har ya taɓa ƙafar Ummi. Ta jima kafin ta lalubo shi, ta girgiza a kunnenta. Sadiƙu ya tafa hannu ya ce, "Nan nake, turo min!" Ta tura, ƙwallon ya karkace ya faɗa kwanon wanke-wanke. Yara suka kwashe da dariya. Sai na ji Ummi ta ce, "Ku dawo min da shi, zan sake."

Ƙofar Wambai Zuwa Gida

A ɗakin Rabi muka kwana. Da safe Malama ta raka ni kasuwar Ƙofar Wambai muka zaɓi ƙwallo, ta nuna min yadda ake huda shi a zuba tsakuwa a liƙe. Ta ce, "Kada ki ware mata nata wasan. Na kowa za ki gyara ta shiga."

Kafin magariba muna Kazaure. Maigidana na tambayarmu ya hanya, Ummi ta ja rigarsa ta ce, "Baba, zauna ƙasa. Ba a yi a tsaye." Ya naɗe babbar rigarsa ya zauna.

Allah ya saka wa Malama Hindatu da Rabi da alheri. Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya.