Hanyar da Muka Samu Ta Filin Hukumar Ruwa

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ba zan manta ranar da na tsaya da shebur a hannu, manyan ma'aikata sun zagaye ni suna jira su ga ko gaskiya na faɗa ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Ɗanzomo. Tsakaninmu da titin mota akwai filin hukumar ruwa, inda aka haƙa burtsatse aka kafa tanki, kuma ta nan muke bi tun muna yara. Da aka kawo sola, sai aka kewaye filin da waya saboda ɓarayi. Ba mu ga laifinsu ba, mu ma ruwan muke sha. Amma hanyarmu ta toshe, sai dai mu yi dogon zagaye ta cikin rairayi. Ranar da za mu kai mahaifiyata asibiti a Gumel, amalanke ya kafe a yashin nan, ni da yayana muka riƙa goya ta bi da bi har bakin titi. Ta warke, amma abin bai bar raina ba.

Na sami mai kula da tashar ruwan, na roƙi a ba mu hanya ta cikin filin. Ya ce, "Wallahi ko taku ɗaya ba ni da ikon ba ku. Sai kun rubuta, shugabanni a Dutse sun duba sun amince." Limaminmu ya rubuta takarda, dagaci ya sa hannu, muka dangwala yatsa. Ni aka ɗora wa kai ta, ni da ban taɓa shiga ofis ba. Sau uku ina zuwa kafin a ce za a turo masu dubawa.

Bayan an gama yankan riɗi suka iso, wata injiniya ce shugabarsu. Ta shimfiɗa taswira a kan mota ta ce, "Baba, babban bututu ta gabas ya bi, daidai inda kuke neman hanya. Idan amalanke ya fasa shi, ƙauyuka nawa za su rasa ruwa? Ba zan iya sa hannu ba."

 Na matsa gaba na ce, "Ranki ya daɗe, bututun nan ba gabas yake ba. Ina cikin leburorin da suka haƙa raminsa. Mun fara ta gabas, muka ci karo da tsohuwar rijiya ƙasa tana ruftawa, sai aka karkatar da mu yamma, ta gindin aduwar can."

Ta dube ni ta ce, "Ka tabbata?"

"A ba ni shebur."

Na fara da gabas, na haƙa har ƙugu, babu komai. Na koma gindin aduwa. Shekaru sun ja, har na fara tunanin ko ba wannan bishiyar ba ce. Gumi ya jiƙa rigata, na ji wani a bayana yana cewa na kunyata gari. Can sai shebur ya taɓa abu. Na ajiye shi, na sa hannu na share ƙasa, ga baƙin bututu kwance.

Injiniyar ta tsuguna ta shafa shi, ta ciro biro ta gyara taswirarta a gaban kowa. Ta ce, "Baba, ka hutar da mu. Da wata rana a nan za mu kawo motar haƙa mu fasa shi."

Wata biyu bayan haka takardar amincewa ta zo, liman ya karanta ta a ƙofar masallaci. Fili yana nan na hukuma, ba gini ba shuka, amma an ba mu ikon wucewa ta gefen gabas, faɗin amalanke. Ranar da aka matsar da waya, mata suka yi ta guɗa, amalanken farko ya wuce da buhunan riɗi, ni aka ce in kora shanun.

Tun daga lokacin na daina raina abin da na sani don kawai ban yi boko ba. Na kuma gane cewa idan mutum ya nemi haƙƙinsa ta hanyar da doka ta tsara, ya yi haƙuri, ya buɗe baki lokacin da ya kamata, ana saurarensa ko da lebura ne.